Bakhita: 'Yar Darfur da ta rasa dangi da suna, amma ta samu madogara

Akwai wani irin ciwo da ba a cika sa shi a sitatus ba. Mutum zai ɗora hoton abincin da ya ci, ko sabon ɗinkin da ya karɓo daga wajen tela, kai har hoton hannunsa da ƙarin ruwa a gadon asibiti. Amma da wuya ka ga wanda ya fito fili ya rubuta cewa yau shekara biyu ke nan mahaifinsa bai ɗaga wayarsa ba, ko yayarsa ta yi bulokin ɗinsa, ko an cire shi daga guruf ɗin gidansu na WhatsApp ba ko sallama. Irin wannan a ciki ake barin sa. Ranar Sallah ko Kirsimeti kowa na ɗora hoton dangi an sha anko, shi kuwa sai ya danna musu alamar so, ya kife wayarsa.

Saboda masu irin wannan ciwon na zaɓo tarihin wannan makon. Mace ce 'yar Afirka, an haife ta a Darfur, ta rasu a Italiya a shekarar 1947. Sau biyu ana raba ta da waɗanda take ƙauna. Rabuwar farko da wuƙa da bindiga aka yi ta, ba wanda ya nemi jin ta bakinta. Ta biyu kuwa ita ce ta zaɓa da kanta, zuciyarta na ciwo. Duniya ta san ta da suna Josephine Bakhita, kuma abin da ta jingina da shi har ƙarshen rayuwarta shi ne bangaskiyarta ta Kirista. Ko wane addini kake bi, ka ɗan daure ka karanta har ƙasa.

Ranar da aka ɗauke ta

An haife ta wajajen shekarar 1869 a wani ƙauye da ake kira Olgossa, yamma da garin Nyala. Eh, Darfur ɗin nan dai da muke ji a labarai ana ta yaƙi. 'Yar ƙabilar Daju ce. Gidansu gidan rufin asiri ne, mahaifinta ɗan'uwan dagacin garin ne, kuma ta tashi cikin 'yan'uwa maza da mata. Daga baya, duk lokacin da ta tuna waɗannan shekarun, takan bayyana su a matsayin lokacin da ba ta san mene ne wahala ba.

Sai dai zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. A 1874 Zubairu Rahma, wani hamshaƙin mai fataucin bayi, ya ci masarautar Darfur da yaƙi, ƙasar ta koma ƙarƙashin mulkin Masar da Turkawa. Masu farautar mutane suka samu sarari. Tun Bakhita na ƙarama ƙwarai maharan suka faɗa wa ƙauyensu suka tafi da yayarta. Ta ga kukan mahaifiyarta, ta ga maza sun bazama nema sun dawo hannu rabbana.

Bayan kamar shekara biyu, wajajen 1877, abin ya faɗo kanta. Ba ta wuce shekara bakwai zuwa tara ba. Ta fita bayan gari da ƙawarta, sai ga wasu baƙin maza biyu. Suka ce ƙawar ta yi gaba, ita kuma ta shiga cikin daji ta ɗauko musu wani ƙunshi. Yarinya mai tarbiyya, babba ya aike ta, me za ta yi? Sai ta tafi. Tana shiga suka biyo ta, ɗaya ya zaro wuƙa, ɗaya na riƙe da bindiga. Shi ke nan. Daga wannan ranar ba ta ƙara ganin uwarta ba, ba ta ƙara ganin ubanta ba, ba ta ƙara taka ƙauyensu ba har ta bar duniya.

Mu da muke zaune a inda satar mutane ta zama labarin kullum, ba sai an yi mana dogon bayanin yadda gidan da aka ɗauke wa yaro yake kwana ba. Bambancin kawai, a lokacin babu waya, babu wanda zai kira ya nemi kuɗin fansa. In an tafi da kai, an tafi ke nan.

Sunan da ɓarayi suka raɗa mata

Tsananin firgici ya sa da suka tambaye ta sunanta ta kasa faɗa. Sai suka laƙaba mata Bakhita, kalmar Larabci mai nufin mai sa'a. Ku duba rainin hankali fa: ka sace yarinya, ka ɗaure ta, sannan ka kira ta mai sa'a. Sunan da iyayenta suka raɗa mata kuwa ya ɓace mata ɓat, har ta tsufa ba ta tuno shi ba. A hankali harshen gidansu ma ya zube daga bakinta.

Ku ɗan tsaya a nan. Wanda ya yi faɗa da 'yan gidansu, ko ba komai ya san sunansu, ya san ƙofar gidan, yana iya shiga shafinsu a ɓoye ya ga hotuna. Ita ko sunan da za ta faɗa a yi mata cigiya ba ta da shi.

An kulle ta a wani ɗaki mai duhu kusan wata guda, sannan aka sayar da ita ga wani fatake. Ta taɓa gudu tare da wata yarinya da aka ɗaure su tare, suka kwana a daji, har suka haɗu da wani mutum da ya nuna kamar zai taimake su ya mayar da su gida. Ƙarshenta shi ma sayar da su ya yi. Haka aka kora ta a ƙafa, ba takalmi, tafiyar kusan kilomita 960 zuwa El-Obeid, babban birnin Kordofan, inda ake cin babbar kasuwar bayi.

A can wani attajiri ya saye ta don ta yi wa 'ya'yansa mata biyu hidima. Zaman ya fara da sauƙi, har ranar da ta ɓata wa ɗan maigidan rai. Ya yi mata dukan da sai da ta yi sama da wata guda a kwance ba ta iya tashi.

Tsaga 114

Daga nan sai ta faɗa hannun wani janar na sojan Turkiyya. Wajen shekara uku ta yi a gidansa tana yi wa matarsa da surukarsa bauta, kuma ta ce da wuya rana ta fito ta faɗi ba a ji mata sabon ciwo ba. Kafin wani ya warke an ƙara wani. Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, to a wannan gidan mata ne suka fi gana mata azaba.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne ranar tsaga. Uwar gidan ta sa aka kira wata mata, ta zo da kwanon gari, da kwanon gishiri, da aska. Da garin aka zana mata zane a fata, da askar aka bi zanen ana yankawa, sannan aka cusa gishiri a cikin raunukan don tabon ya tashi ya zauna. An yi mata yanka 114 a ƙirji da ciki da hannun dama. Uwar gidan na tsaye da bulala tana kallo. Ba maganin kashe zafi, ba magani bayan an gama. Da waɗannan tabban ta shiga kabari.

Duk wannan fa ba ta kai shekara 15 ba. Babu uwa da za ta ruga wajenta, babu yaya da zai tsaya mata. Ta ce tun tana ƙarama takan ɗaga kai ta kalli rana da wata da taurari, ta tambayi kanta ko wane ne mai waɗannan kyawawan abubuwa, ta ji tana son ta san shi ta gaishe shi. Ba wanda ya koya mata hakan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga Khartum zuwa Italiya

A ƙarshen 1882 dakarun Mahadi, wato Muhammad Ahmad, suka matso El-Obeid. Janar ɗin ya ga ba zama, ya sayar da yawancin bayinsa ya nufi Khartum da sauran. A can, a 1883, ƙaramin jakadan Italiya mai suna Callisto Legnani ya sayi Bakhita. A gidansa ne karon farko tun da aka sace ta ta kwana ta tashi ba bulala, ba zagi. Har yanzu baiwa ce, amma ana yi mata magana kamar mutum.

Da yaƙi ya tunkaro Khartum, Legnani ya shirya komawa ƙasarsu. Bakhita ta roƙe shi ya tafi da ita, ta nace har ya yarda. A ƙarshen 1884 suka fice daga birnin tare da wani abokinsa ɗan kasuwa, Augusto Michieli, suka yi tafiyar kusan kilomita 650 a kan raƙuma zuwa Sawakin, tashar jirgin ruwan nan ta bakin Bahar Maliya inda alhazan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙafa kan tsallaka zuwa Jidda. Ba su daɗe da fita ba Khartum ta faɗa hannun Mahadi a watan Janairun 1885. A watan Maris suka shiga jirgi, a Afrilu suka sauka a Jenowa.

A bakin tashar matar Michieli, Maria Turina, ta zo tarbar mijinta. Ta ga Bakhita ta nuna tana so, sai Legnani ya ba ta ita kyauta, kamar yadda ake ba da tsaraba. Mutumin da ya fi kowa kyautata mata ke nan fa. Ko shi bai ga abin tambayar ra'ayinta ba.

Mimmina

Aka kai ta gidan Michieli a Zianigo, wani ƙauye kusa da Mirano, ba nisa da birnin Benis. A watan Fabrairun 1886 uwar gidan ta haifi 'ya mace, Alice, ana yi mata laƙabi da Mimmina. Aka danƙa wa Bakhita reno.

A nan labarin ya ɗauki wani salo. Yarinyar da aka fizge daga bayan uwarta, ga shi yau an ba ta jaririya. Ita ke ɗaukar ta, ita ke lallashin ta, tare suke kwana. Mimmina ta shaƙu da ita har ba ta yarda da kowa, ita ma Bakhita ta zuba mata duk ƙaunar da ta rasa inda za ta kai tsawon shekaru. A ƙasar da ba ta da kowa, ba mai irin fatarta, ba mai jin yarenta, wannan 'yar ta zame mata dangi. Ita kanta uwar gidan, Bakhita ta ce tana ƙaunar ta da gaske.

Akwai wani dattijo mai kula da dukiyar gidan, Illuminato Checchini, mutum mai riƙo da addininsa na Katolika. Shi ne ya ba ta wani ƙaramin gicciye na azurfa, ya yi mata bayanin cewa Yesu Almasihu ne, kuma a bangaskiyar Kirista ya mutu ne saboda mutane, har da ita. Ba ta gama fahimta ba, amma ta ɓoye shi don kada a ƙwace. Ita da ba ta taɓa mallakar komai ba, har jikinta na wasu ne, wannan ne abu na farko da ta ji nata ne. Takan fito da shi a ɓoye ta zuba masa ido.

Michieli ya sayi babban otel a Sawakin, ya yanke shawarar sayar da kadarorinsa na Italiya iyalin su koma can gaba ɗaya. Har an taɓa zuwa da Bakhita an yi wata tara an dawo. A ƙarshen 1888 Maria Turina za ta je wajen mijinta, sai ta bar Mimmina da Bakhita a hannun sistocin Canossa a Benis, a gidan da ake koyar da masu shirin karɓar baftisma. Checchini ne ya tsaya kai da fata har aka karɓe ta. Niyyar uwar gidan ajiya ce kawai ta 'yan watanni.

Abin da ta tarar a can

A wannan gidan sistocin suka zauna da ita cikin haƙuri suna koya mata. A nan ta haɗa abin da ake faɗa mata da tambayar da take yi tun tana kallon taurari a Sudan. Ta gane cewa wanda take nema tun tana yarinya yana da suna, kuma ya san ta.

Abu biyu suka fi kama zuciyarta. Na farko, an gaya mata Yesu ma an yi masa bulala, an sayar da shi da kuɗi, na kusa da shi sun gudu sun bar shi. Mai tabo 114 a jiki ba ta buƙatar tafinta a wannan wajen. Na biyu, an gaya mata ita 'ya ce a wurin Allah, ana ƙaunar ta, ana jiran ta. Yarinyar da aka yi ta cinikinta hannu zuwa hannu, ba wanda ya taɓa ce mata wani na jiran ta a ko'ina.

A yaren mutanen Benis, kalmar da bawa ko ɗan aiki ke kiran maigidansa da ita ita ce Paron. Da wannan kalmar Bakhita ta riƙa kiran Allah har ta mutu. Bahaushe zai fi kowa gane wannan, domin a Hausa ma kalmar ubangiji ita ake faɗa wa mai bawa, ita kuma ake kiran Mahalicci da ita. Ta yi iyayen giji biyar ko fiye, kowanne ya yi yadda ya ga dama da ita. Yanzu ta ji labarin wanda ke sama da su duka, wanda ba ya sayarwa, ba ya bayarwa kyauta.

Kwana uku

A 1889 Maria Turina ta dawo ɗaukar 'yarta da baiwarta su wuce Sawakin, inda aka tanadar wa Bakhita aiki a otel. Sai Bakhita, wadda ba ta taɓa yi wa wani ubangida musu ba, ta ce ba za ta je ba. Dalilinta shi ne ba ta gama koyon addinin ba, ba a yi mata baftisma ba, kuma ta san in ta tafi ba za ta iya riƙe abin da ta samu ba.

Kwana uku uwar gidan na fama. Ta yi lallashi, ta yi barazana, ta kira ta butulu, ta kawo manyan mutane su sa baki. Sannan ta taɓo inda ya fi ciwo: Mimmina. Yarinya 'yar shekara uku da ba ta san kowa ba sai Bakhita, yaya za ta yi in an raba su?

Kada ku ɗauka abin ya zo mata da sauƙi. Da a ce janar ɗin nan na El-Obeid ne, ai guduwa daga hannunsa abin murna ne. Waɗannan kuwa mutane ne da suka ciyar da ita, suka tufatar da ita, ba su dake ta ba, kuma tana son su. Ta faɗa daga baya cewa ganin ɓacin ran uwar gidan ya yi mata zafi ƙwarai, kuma ƙarfin da ta tsaya da shi ba nata ba ne, Ubangiji ne ya ba ta. Masu iya magana sun ce sabo ake yi wa kuka. Ta san in ta tsaya a kan bakanta za ta sake zama ba ta da kowa, kuma a wannan karon ba za ta ce wani ne ya sace ta ba.

Magana ta kai ga hukuma. Uwar gidan ta kai ƙara wajen lauyan gwamnatin sarkin Italiya, shugabar gidan sistocin kuma ta sanar da babban limamin Katolika na Benis. Ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke hukunci: dokar Italiya ba ta san wani abu wai shi bauta ba, saboda haka Bakhita 'ya ce, ita ke da ikon kanta. Tana da kimanin shekara 20, karon farko ke nan da aka tambaye ta abin da take so aka kuma yi aiki da amsarta. Ta zaɓi zama. Maria Turina ta ja hannun 'yarta suka fita cikin fushi da kuka.

Ranar da ta samu 'yanci ita ce ranar da ta rasa Mimmina. Masu ba da labarin a gurguje sukan tsallake wannan wajen, alhali nan ne zuciyar labarin take.

Sabon suna, sabon gida

Ranar 9 ga Janairu 1890 aka yi mata baftisma, aka sa mata suna Josephine Margaret Fortunata. Fortunata ɗin nan fassarar Bakhita ce, wato mai sa'a. Sunan da ɓarayi suka ba ta don izgili, ba ta yar da shi ba, ta riƙe shi ta ba shi sabuwar ma'ana. An ce bayan haka takan je wurin da aka yi mata baftismar ta sumbace shi, domin a nan ne ta zama 'yar gida.

Ranar 7 ga Disamba 1893 ta shiga horon zama sista, ranar 8 ga Disamba 1896 ta ɗauki alkawarin zaman zuhudu. A 1902 aka tura ta garin Schio a lardin Vicenza, arewacin Italiya, inda ta yi kusan duk sauran rayuwarta.

To me ta yi a can? In kuna jiran ku ji ta gina asibitoci ko ta jagoranci zanga-zanga, babu. Girki ta yi, da ɗinki, da gyaran ɗakin ibada, da tsaron ƙofa. Ita ke buɗe wa yara 'yan makaranta ƙofa da safe, ta ɗora musu hannu a ka. Ita ke tarbar matalauta da masu damuwa. Da farko wasu yaran tsoron ta suke ji don ba su taɓa ganin baƙar fata ba, daga baya suka zama ba sa wucewa sai sun tsaya wajenta. Mutanen garin suka riƙa kiran ta Madre Moretta, wato baƙar uwa. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka mayar da wani sashe na gidansu asibitin soja, tana cikin masu jinyar waɗanda suka ji rauni. Matar da aka raba da 'ya ɗaya ta ƙare tana uwar gari guda.

A 1910 shugabarta ta sa ta ba da labarin rayuwarta aka rubuta. A 1931 wata marubuciya, Ida Zanolini, ta fitar da littafi a kanta mai suna Storia Meravigliosa, sai ga Bakhita ta yi suna a duk Italiya. Daga 1935 zuwa 1939 aka ajiye ta a Vimercate kusa da Milan, ana yawo da ita gari-gari tana ganawa da jama'a da sistoci masu shirin zuwa Afirka. Gaskiya ba duka masu zuwa ne suka zo don darasi ba, wasu kallo kawai ya kawo su, kuma ta san da haka. Ku tuna a daidai wannan lokacin ne sojojin Mussolini suka mamaye Habasha. Zaman baƙar mace a Italiya ta wancan zamanin ba wasa ba ne, ko da tana sanye da kayan sista.

Ta yafe, amma ba ta manta ba

An sha tambayar ta me za ta yi in ta haɗu da waɗanda suka sace ta. Amsarta ita ce za ta durƙusa ta sumbaci hannunsu, domin ta wannan mummunar hanyar ce ta kai ga sanin Almasihu. Wannan magana tana da nauyi, kuma kada wani ya fahimce ta a karkace. Ba ta ce abin da suka yi daidai ne ba, ita da ta tsaya gaban hukuma ta ƙi komawa bauta. Abin da ta ƙi shi ne ta bar su su ci gaba da mulkin zuciyarta bayan sun gama da jikinta. Takan yi musu addu'a, takan yi wa iyayenta da mutanen Afirka addu'a, tana fatan haɗuwa da nata a lahira tunda duniya ta hana.

Kuma kada a ce bangaskiya ta goge mata komai kamar an danna dilit. A shekarunta na ƙarshe ciwo ya kwantar da ita, sai a keken marasa lafiya ake tura ta. A cikin zafin ciwon ajali hankalinta ya koma Sudan, ta riƙa roƙon mai jinyarta ta sassauta mata sarƙa don ta yi mata nauyi. Shekara kusan 70 bayan an sace ta, sarƙar na nan a wani lungu na ranta. Da ta farfaɗo, sunan Maryamu uwar Yesu ne a bakinta. Ta rasu da daren 8 ga Fabrairu 1947. Kwana uku dubban mutane na layi don yi mata ban kwana.

Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana ta cikin masu albarka ranar 17 ga Mayu 1992, ya kuma ambace ta a gaban taron jama'a lokacin da ya ziyarci Khartum a Fabrairun 1993. Ranar 1 ga Oktoba 2000 cocin Katolika ta ayyana ta a matsayin waliyiya. Fafaroma Benedict na 16 ya kawo labarinta a farkon wasiƙarsa ta 2007 a kan bege. Tun daga 2015 kuma, ranar rasuwarta, 8 ga Fabrairu, ta zama ranar addu'a da wayar da kai kan safarar mutane.

Ga mai irin wannan ciwon

Da fim ne, da a ƙarshe za mu ga ta koma Olgossa, tsohuwa ta fito daga bukka ta rungume ta, a sa kiɗa mai taushi. Hakan bai faru ba. Addu'arta ba ta dawo mata da uwarta ba, ba ta tuno mata da sunanta na yanka ba, ba ta hana a fita da Mimmina ta ƙofar nan ba. Abin da bangaskiyarta ta ba ta shi ne tabbacin cewa ƙimarta ba ta rataya a kan wanda ya riƙe ta ko wanda ya sake ta ba. Da wannan tabbacin ta iya cewa a'a ga mutanen da take so ba tare da ta tsane su ba, ta kuma iya buɗe ƙofa kullum safiya ga 'ya'yan wasu.

In kana cikin masu kife waya ranar biki, ga abin da zan ce maka. In akwai hanyar sulhu, bi ta, ka sa manya su shiga, ka aika gaisuwa ko ba a amsa ba, domin naka sai naka, kuma kai kana da lambar da za ka kira, abin da Bakhita ba ta taɓa samu ba. In kuma ƙofar ta ƙi buɗuwa a yanzu, kada ka yanke wa kanka hukuncin cewa ba ka da amfani. Kada ka zauna kai kaɗai da abin a ciki. Ita ma sai da wani dattijo ya damu da ita, wasu mata suka zauna da ita, kafin ta tsaya da ƙafarta. Nemi wanda za ka gaya wa, ka riƙe addu'arka, ka bar zagin dangi a intanet don wata rana za ka so a ce ba ka rubuta ba.

Kai kuma da kake da naka a kusa, duba cikin lambobin wayarka. Akwai wanda aka daina kira a gidanku, kowa ya yi shiru kamar ba a san da shi ba. Ba sai an jira Sallah ko Kirsimeti ba, yau ma rana ce.